Wayoyi Takwas a Haidarabad

Sai da na wuce ƙofar makarantar sau biyu ban gane ta ba. Takardar tallan da wani dillali ya ba ni a Kano tana hannuna, da hoton wani gini mai hawa biyar, duk gilashi, ɗalibai kowa zaune gaban kwamfutarsa. Abin da na tarar kuwa wata 'yar siririyar matakala ce tsakanin kantin yadi da shagon mai soye-soye, an rataye wani allo a samanta da sunan makarantar. Na tsaya ina duban allon, ina duban takardata. Mai kantin yadin ya leƙo, ya nuna mini sama da yatsa, ya koma harkarsa. Daga gani ba ni ne baƙon farko da ya tsaya a wurin yana wannan dube-dube ba.

Sunana Sada, mutumin Ƙofar Guga ne a birnin Katsina. Shekarata goma sha huɗu ina buga tafireta a wata hukuma ta gwamnatin jiha lokacin da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Sabon shugaban da aka kawo mana ya sayo kwamfutoci goma sha biyu da firinta ɗaya, aka rarraba su ofis-ofis. Kowace tana zaman kanta. In mutum ya gama rubutu sai ya kwafa a faifai, ya sauko ƙasa, ya bi layin firinta. A wani taro shugaban ya ce za a haɗa su duka su riƙa aiki tare, ya kuma ce zamanin tafireta ya wuce, wanda bai koyi sabon abu ba ya kuka da kansa. Yana maganar yana kallon ɓangarenmu. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata a hannuna. Na nemi hutun karatu na wata uku, Sakataren hukumar ya sa hannu, ya ce in na dawo da ilimin, aikin haɗa kwamfutocin nawa ne. Abin da ya kai ni Haidarabad ta ƙasar Indiya ke nan, ina da shekara talatin da shida.

A saman matakalar ɗaki biyu ne. Na farko ajinmu, mu kusan arba'in a kan benci, kafaɗa na gugar kafaɗa, fanka ɗaya tana juya zafi. Na biyu yana da ƙofar gilashi, a ciki kwamfutoci huɗu an lulluɓe su da leda. Ƙofar a kulle take, makullin yana aljihun Darakta, wato mai makarantar.

Malaminmu ba mugu ba ne, amma littafi yake buɗewa ya yi ta karantawa muna rubutawa. Turancinsa gudu yake kamar ana korarsa. A makon farko abin da na kama kaɗan ne: in aka haɗa kwamfutocin gini ɗaya da waya har suka iya aika wa juna saƙo, suka yi tarayya a firinta ɗaya, shi ake kira netwok na cikin gida. Kowace kwamfuta tana da kati a cikinta inda wayar ke shiga, kowace tana da adireshinta, duk wayoyin kuma suna taruwa a wani akwati da ake kira hob. Na rubuta duk wannan. Na haddace matakai bakwai da aka ce saƙo yana bi kafin ya isa, har ina iya jero su daga sama zuwa ƙasa. Amma ban taɓa ganin katin ba, ban taɓa riƙe wayar ba, hob kuwa zanensa kawai na sani a allo.

A mako na uku na je wurin Darakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za mu shiga wancan ɗakin?"

Ya kaɗa kai irin kaɗawar tasu, wadda ba ka sanin e ce ko a'a. Ya ce, "Mako mai zuwa, abokina."

Mako ya zo ya wuce. Na koma, ya ce injiniyan da ke kula da ɗakin ya tafi bikin ƙanwarsa. Na sake komawa, ya ce ana jiran wani kaya daga Bambai. A zuwa na huɗu raina ya ɓaci, na ajiye takardar tallan a kan teburinsa na ce, "Wannan ginin fa, yana ina?"

Ya duba hoton kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Wannan shi ne wanda za mu gina. Kai me ya dame ka? Satifiket za ka samu, mai hatimin zinariya. A ƙasarku wa zai tambaye ka fiye da haka?"

Na ce, "Kwamfutoci goma sha biyu ne za su tambaye ni."

Ya yi dariya sosai, har ya kira magatakardansa ya maimaita masa. Na sauko matakalar. Rabin bizata ya tafi.

Garin ma bai sassauta mini ba. Ni da na taso ina kallon finafinansu a silima, na ɗauka na san mutanen. 'Yan kalmomin da na tsinta duk na soyayya ne da faɗa, ba su sayen ko da sabulu. Masu babur mai ƙafa uku su yi ta zagaye da ni unguwa guda, sai daga baya na gane tafiyar minti biyar ce a ƙasa. A bas a yi ta kallona, wani har ya shafa hannuna ya duba yatsansa. Abinci kuwa yaji da kayan ƙamshi sun hana ni sanin ɗanɗanon komai, cikina ya yi wata guda bai zauna ba. Wata rana na ga wata mata ɗauke da tukunya a ka, daga nesa na ɗauka mai fura ce, na bi ta har kwanar titi kafin hankalina ya dawo.

Duk ranar Lahadi nakan je rumfar buga waya in kira gidan Alhaji maƙwabcinmu, don su ne masu tarho a layinmu. A aika a kira iyalina, ni kuma ina tsaye ina jira. Matata Hajara takan ce kowa lafiya, ko da ba haka ba ne. Inna kuwa tambayarta ɗaya ce: "Kana cin abinci kuwa? Karatun yana shiga?" Sai in ce yana shiga. Me zan ce mata?

Wanda muke ɗaki ɗaya da shi wani ɗan Sudan ne, Usman, yana karatun haɗa magunguna. Mun yi kwana goma muna fama da Turanci kafin wata rana na yi tuntuɓe da bokiti na ce, "Kai, wannan wace irin masifa ce!" Sai na ji ya ce, "Sannu." Ashe kakanninsa Hausawa ne da suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a can. Hausarsa ta tsofaffi ce, cike da Larabci, amma ranar ji na yi kamar an buɗe mini taga. Shi ya ji ƙorafina har ya gaji, wata Juma'a ya ce in biyo shi masallacin tsohon gari, akwai wanda zai nuna mini.

Bayan an sallame ya kai ni wurin wani dattijo mai jan gemu na lalle, gajere, da tabarau mai kauri. Sunansa Yusuf, ni kuwa Baba Yusufu na riƙa kiransa. Ya yi shekaru yana aikin wayar tarho kafin ya koma haɗa kwamfutoci, kuma shi ke kula da na wata maɗaba'a da wasu kantuna. Usman ya yi masa bayani. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wata ɗaya da rabi, ba ka taɓa yanka waya ba?"

Na ce, "Ko riƙe ta ban yi ba, Baba."

Ya yi tsaki, ya faɗi wata kalma da harshensu wadda Usman ya ƙi fassara mini. Ya ce in zo shagonsa da safe.

Shagon bai fi ɗakin ajiyar hatsi ba. Ya miƙo mini guntun waya mai launin toka, ya fere bakinta. A ciki sai ga siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Ya ce kowane biyu launinsu ɗaya: ruwan goro, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, ɗaya cikakken launi, ɗaya fari mai ratsin launin. Ya warware su, ya jera su bisa wani tsari da ya rubuta mini a kwali, ya daidaita bakinsu, ya zura su cikin wani ɗan kan roba mai haske, ya matse da filaya ta musamman. Ya yi haka a ɗaya bakin. Sannan ya sa bakunan biyu a na'urar gwaji, fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya, a jere. Duka bai kai minti biyu ba.

Ya ce, "Duk abin da aka karanta maka a can, a kan wannan yake tsaye. In wannan ya karkace, babu saƙon da zai wuce. Yi naka."

Na yi. Fitilun suka yi ta tsalle, ta ɗaya ta kama, ta shida ta biyo, ta bakwai ta ƙi. Ya yanke kan ya jefar, ya ce in sake. Na sake, haka. Ranar na ɓata kai tara. Washegari na ɓata bakwai. Nakan bi kwalin a hankali, in duba in sake dubawa, in tabbata daidai ne, na'ura ta ƙaryata ni. Wani lokaci ɗaya ya yi daidai, na yi murna, na gaba ya sake rikicewa, ban kuwa san me na canza ba.

A rana ta huɗu haƙurin Baba Yusufu ya ƙare. Ya ce, "Kai ba yaro ba ne! Abu takwas kawai! Ko dai ba ka son koyo, ko hankalinka yana gida."

Na ce, "Wallahi, Baba, yadda ka rubuta haka na jera."

Ya fizge wayar daga hannuna ya kai ta kusa da tabaransa. Ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, sai ya fasa. Ya zaro silin waya ɗaya ya ɗaga. "Wannan wane launi ne?"

Na ce, "Kore."

Ya ɗaga wani. "Wannan fa?"

"Kore... ko ruwan ƙasa. Kusan ɗaya ne ai."

Ya ja ni waje cikin hasken rana, ya sake gwada ni. Ya ɗauko zaren ɗinki kala-kala daga wurin telan da ke maƙwabtaka da shi, ya zuba a tafin hannunsa ya ce in ware masu kama da juna. Na ware. Telan ya leƙo ya duba, ya dubi Baba Yusufu, babu wanda ya yi dariya.

Baba ya ce a hankali, "Ɗana, idonka ba ya raba kore da ruwan ƙasa. Ruwan goro ma yana shige maka cikinsu. Haka aka haife ka. Ba wanda ya taɓa faɗa maka?"

Ba wanda ya taɓa. Shekara talatin da shida. A tsaye a bakin shagon nan abubuwa suka riƙa dawo mini: yadda Hajara takan karɓe hular da na ɗauko ta ba ni wata ba tare da ta ce komai ba, yadda abokai suke dariya in na yaba wata mota na faɗi launinta. Ni duk a zatona gardamar suna ce kawai. Aikin tafireta kuwa baƙi ne a kan fari, bai taɓa tona ni ba. Sai da na bar 'ya'yana, na ƙetare teku, na zaɓi sana'ar da gaba ɗayanta a kan launi take.

Na ajiye filayar na tafi, ko sallama ban yi ba.

Kwana biyu ban fita ba. Na ɗauko jakata na shirya kaya, na kwance, na sake shiryawa. Haushin Darakta nake ji, da na dillalin Kano, da na shugabanmu, amma wanda ya fi cina shi ne wanda ba ni da wanda zan ɗora wa. Usman bai yi mini wa'azi ba. A rana ta biyu ya nemo garin dawa, ban san inda ya samo shi ba, ya tuƙa irin tuwonsu, ya yi miyar busasshiyar kuɓewa. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ci tukuna." Na kai loma ta farko, hawaye suka zubo mini. Da na gama ya ce, "Dattijon nan ya aiko. Ya ce filayarsa tana jiranka, kuma shi ba ya son a bar masa aiki rabi."

Na koma ina jin kunya. Baba Yusufu bai ta da maganar tafiyata ba. Ya riga ya ajiye mita irin ta masu gyaran rediyo da salatif a kan tebur.

Ya ce, "Na yi tunani. Wutar da ke bin wayar nan ba ta ganin launi. An sa launi ne don mu. Abin da take so shi ne kowane biyu su zauna a gurbinsu, kuma bakin nan ya dace da wancan. Shuɗi kana ganinsa?"

"Ina gani."

"Mai ratsi da marar ratsi?"

"Ina rabewa."

"To saura uku. Miƙo yatsanka."

Ya ɗora yatsana a kan murɗin wayoyin. Ashe ba ɗaya aka murɗe su ba, wani ya fi wani tsauri, da gangan aka yi haka don kada saƙonsu ya shiga juna. Ya ce duk sabon naɗin waya da na buɗe, in tambayi wani sau ɗaya wanne ne wanne, in riƙe tsaurin kowanne a yatsana, in manna musu salatif da lamba kafin in warware. In kuwa tsohuwar waya ce a cikin bango, in bi ta da mita sili-sili har in san kowanne. Ya ce, "Kuma ka riƙa bin tsarin da kowa ke bi, don wanda zai zo bayanka ya gane aikinka. Abin da wani zai yi a minti biyu, kai zai ɗauke ka goma sha biyar. Ka yarda da wannan tun yanzu, kada ka yi gasa da kowa."

Ranar na yi waya shida, shida ɗin suka ba da fitila takwas a jere. Ban yi murna can ba. Ina kallon agogo ina ganin yadda lokaci ke tafiya.

Makonnin da suka rage na daina zuwa aji, na riƙa bin sa wuraren aikinsa. A nan na ga hob da idona, na buɗe kwamfuta na sa kati da hannuna, na koyi ba kowace adireshinta. Ya koya mini kada waya ta wuce mita ɗari, kada a bi da ita jikin wayar lantarki, kada a lanƙwasa ta da ƙarfi. Ya koya mini yadda ake aika ɗan saƙon gwaji daga wata kwamfuta zuwa wata, kamar sallama, a ga ko za ta amsa. In abu ya lalace kuma, ya ce kada in fara da zargin babban abu: in duba fitila, in duba waya, in duba kati, sannan adireshi. Wata safiya a maɗaba'a kwamfutoci biyu suka riƙa ɗaukewa bi da bi, ya naɗe hannu ya ce in nemo. Na yi awa biyu ina gumi kafin na gano an ba su adireshi ɗaya. Abin da ya ce kawai, "Ka daɗe." Amma ya saya mini shayi.

Darakta ya yi barazanar hana ni satifiket saboda rashin zuwa. Ranar jarrabawa kuwa malamin ya rubuta amsoshin a allo, ya fita shan iska. Aka ba ni takardar da hatiminta na zinariya, an rubuta sunana ba daidai ba. Ƙofar gilashin nan har na bar garin ban ga an buɗe ta ba. Da na je sallama da Baba Yusufu, ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a doguwa da harshensu, ban ji komai ba sai amin.

Na dawo Katsina na tarar an riga an ba da aikin. Wani ɗan kwangila ne, ɗan'uwan wani babba a sabuwar gwamnati, ya zo da mutanensa suka yi kwana uku suka tafi. Ni kuma an mayar da ni ɗakin ajiye fayil. Na je wurin Sakatare, ya ce, "Malam Sada, abin daga sama ya zo. Ka yi haƙuri." Ko satifiket ɗin bai karɓa ya duba ba.

Wata biyu ina jera fayil ina kallon wayoyinsu suna reto ta tagogi, an ɗaure wasu a jikin wayar fanka. Ana tsakiyar shirya kasafin shekara komai ya tsaya. Aka nemi ɗan kwangila, aka ce ya tafi Abuja. Sai ga Sakatare da kansa a ƙofar ɗakin fayil, yana gyaran murya.

Kwana huɗu na yi ina bin wayoyin nan sili-sili da mita, ina manna salatif ina rubuta lamba. Ma'aikata suna wucewa suna kallona. Wani ya ce, "Malam Sada, wancan fa kwana uku ya yi ya haɗa duka, kai gyara kawai ka kwana huɗu?" Ranar Alhamis da hantsi fitilu goma sha biyu suka kama a jikin hob, firinta ta fara fitar da takardar da aka aiko daga bene. Sakatare ya ce madalla. Aka bar ni a ɗakin fayil, aka ƙara mini kula da kwamfutoci a kai, ba ƙarin girma. Haka na yi shekara uku.

Maganar idona kuwa ban faɗa wa kowa a ofis ba. Inna kaɗai na faɗa wa, ranar Juma'ar da ta biyo bayan gyaran. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zauna a gefen tabarmarta na kwashe labarin duka, har da zaren tela. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika duban fuskata in muna magana. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ai na sani. Mahaifina ma hakanan yake, shi ya sa ya bar saƙa ya koma noma."

Na ce, "Kin sani, Inna? Tun yaushe?"

"Tun kana ƙarami. In na aike ka kasuwa sai ka kwaso mini ɗanyen tumatir, kana ta murna ka zaɓo masu kyau."

Tun ina yaro ƙanena Lawal ake aika cefane, ni a ce in zauna. Na girma da wannan a raina, ina ganin ta fi yarda da hankalinsa a kan nawa, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce, "To me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto, ta ce, "Mi zan ce maka? Magani gare shi? Cewa na yi kada ka tashi kana ganin kanka da naƙasa. Na dai daina aikenka."

Ta turo mini farantin ta ce in taya ta, wannan kam fari ne da baƙi.